Kafin Ki Buɗe Kwalbar Nan

'Yata,

Sau uku na saurari saƙon muryar da kika turo. Ƙarfe biyu da rabi na dare agogo ya nuna, kuma rabin maganarki kukan angona ya danne ta. Sannu da jego, sannu da rashin barci. Abin da na tsinta shi ne, da zarar magariba ta kawo jiki sai yaron nan ya fara banƙarewa, ya naɗe ƙafafu ya yi ta tsala ihu, ga kashinsa kuma ruwa-ruwa. Ƙawarki ta kawo miki wata 'yar kwalba mai tsada da ake ɗiga wa jarirai a baki, wai ita furobayotik. Surukarki ta ce a jiƙa masa bauri. Mai kemis ɗin layinku ya ce a haɗa masa da Flagyl. Ke kuma kina tsakiya da ɗan sati biyar a hannu, kina tambayar gwaggonki wanne za ki ɗauka. Amsar ta fi ƙarfin saƙon waya, shi ya sa bayan sallar asuba na ɗauko biro da takarda. Ki karanta a tsanake in ya samu barci.

Akwai abin da harshenmu ya rufe mana ido a kai. Duk wata halitta da ido ba ya iya gani, mun yi musu kuɗin goro mun ce ƙwayoyin cuta. Haka aka horar da mu a makarantar ungozoma: a wanke, a tafasa, a kashe. Horon daidai ne, ya ceci rayuka, kuma shekara talatin da na yi ina karɓar haihuwa ban taɓa sassauta shi ba. Sai dai mafi yawan waɗannan halittu babu ruwansu da cuta. Kin sha ganin yadda ake kindirmo. A tafasa madara, a bar ta ta huce, a zuba mata ɗan ragowar na jiya, a rufe ƙwarya a ajiye. Kafin gari ya waye ta kama jikinta ta yi tsami. Ruwa ba ya tsami banza. Ragowar nan cike take da rayayyun bakteriya, su suka kwana suna cin zaƙin madarar suna mayar da shi tsami, tsamin kuma ya hana masu ruɓar da ita sakat. Irin wannan aikin ake yi yanzu haka a hanjin ɗanki.

Jariri kan zo duniya hanjinsa kamar gonar da aka share ba a kai ga shuka ba. Irin farko daga jikin uwa yake samunsa: a hanyar fitowa, sannan a fatarta, a ƙirjinta, a hannun da ya ɗauke shi. Na san abin da ke cin ranki, tunda aiki aka yi miki aka ciro shi, kuma an ce miki 'ya'yan tiyata ba sa samun wannan irin. Akwai ƙamshin gaskiya a maganar. Wanda aka ciro yakan fara da wani haɗi daban, masu amfanin su ɗan makara kafin su kafu. Amma tazarar raguwa take yi wata bayan wata, kuma babban abin da ke rage ta nono ne. Tiyatar nan ita Allah ya sa ta zama sanadin da muka same ku ku biyu da rai. Kada ki bari kowa ya sa ki ji kamar kin tauye shi.

A 1899 wani likitan yara a Faransa, Henri Tissier, ya sa kashin jarirai masu shan nono a ƙarƙashin madubin likita, ya ga wata bakteriya ta mamaye ko'ina, mai kai biyu kamar gwafa. Ita ake kira Bifidobacterium yau. Ya kuma lura jariran da ke fama da zawo ba su da ita da yawa. An daɗe kafin a gano abin da ke sa ta yaɗo haka a cikin ɗan nono, kuma duk lokacin da na tuna amsar sai na yi tasbihi. A cikin nonon mace akwai wasu nau'o'in sukari, sun haura kala 200, waɗanda cikin jariri ba ya iya narkar da su. Ba kuma tsiraru ba ne. In aka ɗebe ruwa, su ne na uku a yawa, bayan sukarin madara da maiƙo. Ki duba fa. Jikinki da ke fama da ɗinki da gajiya, shi ne yake zage ƙarfinsa yana dafa abincin da yaron ba zai ci ba, saboda baƙin da suka sauka a hanjinsa. Sukarin nan sai ya ratsa ciki ba a taɓa shi ba, ya isa can ƙasa, mai kan gwafar ta cinye ta hayayyafa, ta sa wurin ya yi tsamin da masu kawo zawo ba sa jin daɗin zama. Wasu daga cikin sukarin ma siffarsu irin ta bangon hanji ce, sai muguwar ƙwaya ta zo ta manne musu a zaton ta kama hanji, a yi waje da ita a kashi. Gonar da gero ya cika, ciyawa ba ta samun wurin miƙewa. Madarar saniya ba ta da wannan sukari sai ɗan abin da ba a rasa ba, ta gwangwani kuwa 'yan kala kaɗan kamfanoni suka iya kwaikwaya suka zuba.

Nau'in da ya fi ƙwarewa wajen cin sukarin nan, masu bincike sun tarar da shi jingim a cikin jariran Gambiya da Bangaladesh, amma ya yi ƙaranci a jariran Amurka da Turai. Wato wani ɓangare na abin da ake ɗurawa a kwalba a can, ƙoƙari ne na maido da abin da ya suɓuce musu.

To kashin da ya tayar miki da hankali, ki sake duba shi da rana. In rawaya ne kamar gwaiduwar ƙwai, mai laushi, da 'yan ɗigo-ɗigo kamar riɗi, yana ɗan warin tsami irin na nono, wannan kashin lafiya ne, shaidar ma'aikatan suna bakin aiki. A makonnin farko ɗan nono yana iya yi bayan kowane sha. In ya haura sati shida kuma yana iya kwana uku ko huɗu bai yi ba alhali lafiyarsa ƙalau, muddin yana sha, yana jiƙa kunzugu, cikinsa bai kumbura ba. Zawo shi ne ki ga ya sauya daga yadda ya saba, ya koma ruwa zalla yana tsiyaya, ya kuma ƙaru a yawa.

Ita kwalbar, ba zan ce miki yaudara ce ba. A 2001 Hukumar Lafiya ta Duniya da Hukumar Abinci da Aikin Gona sun tara masana aka tsayar da ma'ana: ba a kiran abu furobayotik sai ƙwayoyin suna raye, an ba da su da isasshen yawa, kuma sun amfani wanda ya sha. Ki riƙe sharaɗin farko. Abu mai rai zafi na kashe shi. Kwalbar da ta yi wata da watanni a kan kanta ƙarƙashin rufin kwano, ta ratsa Afrilun da zafi ke haura digiri 40, ko ta zauna a firjin da wuta ke zuwa masa jefi-jefi, tana iya isowa hannunki ba sauran mai rai a cikinta.

Sannan kowace kwalba da nata nau'in, yadda gero da dawa da maiwa duk hatsi ne amma kowanne da ƙasar da ta karɓe shi. Akwai guda, Lactobacillus reuteri mai lamba DSM 17938, wanda tushensa daga nonon wata uwa 'yar ƙasar Peru aka samo shi. A 2018 an haɗa sakamakon gwaji huɗu a kan jarirai 345 masu irin kukan angona, aka ga ya rage kuka a masu shan nonon uwa, amma ba a iya tabbatar da hakan ga masu madarar gwangwani ba. A shekarar dai aka fitar da manyan gwaje-gwaje biyu, ɗaya a Amurka ɗaya a Kanada, kowanne da yara sama da 800 masu amai da gudawa. Waɗanda aka ba furobayotik ba su riga waɗanda aka ba maganin da ba komai a cikinsa warkewa ba. A jihar Odisha ta Indiya kuwa, an ba sabbin haihuwa wani nau'in da aka tace aka zaɓa, haɗe da irin sukarin da yake ci, na tsawon mako guda. Jarirai 4,556 aka yi gwajin da su, kuma sakamakon da ya fito a 2017 ya nuna haɗarin cutar da ke shiga jini ko mutuwa ya ragu da kashi 40 cikin ɗari.

Kin ga ke nan sunan furobayotik kaɗai bai gaya miki komai ba, sai an tambayi wanne, don me, ga wane yaro. Akwai ma yaran da ba a yi musu gangancinsa. Bakwaini da jaririn da garkuwar jikinsa ke da rauni, ƙwayar da ke da amfani a hanji tana iya tsallakawa cikin jininsu. A 2023 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta gargaɗi asibitoci bayan wani bakwaini ya rasu ta wannan hanya. Likitocin da ke ba bakwaini shi don kare masa hanji, a ɗakin kulawa suke bayarwa, idonsu a kan yaron dare da rana.

Don haka ki ajiye kwalbar yadda takardarta ta ce, kada ki buɗe. Sati mai zuwa za ki kai shi rigakafin sati shida. Ki tafi da ita likita ya karanta sunan nau'in, ya duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa. In ya gwada yaron ya ga kukan na murɗar cikin jarirai ne zalla, ya ce a jarraba, to ki jarraba yadda ya tsara na sati uku. In ba ki ga sauyi ba ki daina, kuɗin kwalba ta biyu ki sayi ƙwai da wake da hanta ki ci.

Shi kukan magaribar nan, ki sa a ranki yana da wa'adi. Yakan fara a sati na biyu ko na uku, ya kai ƙololuwa wajen sati shida, wato daidai inda kuke shiga yanzu, sannan ya lafa tsakanin wata uku zuwa huɗu, a yaron da aka ɗiga wa wani abu da wanda ba a ɗiga wa ba. Shi ya sa kowane magani ke da masu yi masa shaida. Duk abin da aka ba yaro a wata na uku, shi za a ce ya warkar da shi. Ki lura da kamun nononsa, ya buɗe baki sosai ya haɗa da baƙin da ke kewaye, don wanda ya kama kan kawai iska yake haɗiya. Ki ɗora shi a kafaɗa ya yi gyatsa. Ki kifa shi a kan hannunki kina zagaya ɗaki, in barci ya ɗauke shi ki kwantar da shi rigingine. In kin ji ranki ya kai maƙura, ki miƙa wa babansa, ko ki ajiye shi a shimfiɗarsa ki fita tsakar gida ki sha iska. Kada dai a girgiza shi da ƙarfi, ƙwaƙwalwar jariri ba ta ɗaukar jijjiga.

Maganar surukarki ita ta fi tsaya mini a rai, don na san ƙauna ce ta sa ta faɗa. Da bauri aka rene ta, da shi ta reni mijinki, ga shi nan ya girma har ya ajiye iyali. Ni ma uwata ta ɗura wa ɗana na fari ina kallo, kunyar ɗan fari ta hana ni buɗe baki, alhali takardar ungozoma tana cikin akwatina. Allah ya raya shi. Amma a ɗakin yara na ga waɗanda ba a koma gida da su ba, kuma su ba a lissafa su in ana ba da labarin bauri. Na taɓa riƙe wata jaririya 'yar kwana goma sha biyu da aka toshe wa hanci aka ɗura mata jiƙo, ruwan ya bi hanyar numfashi ya sauka a huhu. Har yau ina jin nauyinta a hannuna. Ko da ɗurar ta tafi daidai, ruwan da aka jiƙa saiwar da shi, da kofin, da hannun mai ɗurar, kowanne yana ɗauke da nasa ƙwayoyin, a juye su a gonar da shukarta ba ta yi ƙwari ba. Ga cikin jariri ɗan mitsitsi, duk cokalin da ya shiga ya tare wurin cokalin nono, nono kuma in ba a tsotse shi ba raguwa yake.

Ruwan sha ma haka. Za a ce miki alhaki ne a hana yaro ruwa a wannan zafi. Nonon uwa kusan kashi 87 cikin ɗari ruwa ne, kuma babu randar da ta kai shi tsabta. In zafi ya tsananta ke za ki ƙara shan ruwa, ki ƙara ba shi nono. Wata shida cur nono zalla, sai magani ko rigakafin da likita ya bayar. A binciken lafiya na ƙasa na 2018, kashi 29 cikin ɗari kacal na jariran Najeriya 'yan ƙasa da wata shida ke samun haka, kuma ruwan nan ne ya fi karya mana lissafi. Zuma kuwa, duk da albarkarta, a jira ya cika shekara. Takan ɗauko wata ƙwaya da hanjin babba ke murƙushewa, amma a hanjin jariri, inda masu gadi ba su cika ba, sai ta tsiro ta saki gubar da ke kashe jiki har numfashi ya gagara.

Kada ki yi musu da surukarki. Ki ce likita ya hana, ki ce gwaggonki ma ta hana, ki ɗora nauyin a kaina. Ki roƙe ta ta riƙa yi masa wanka, ta rarrashe shi da magariba, don hannunta ya fi naki sanin jariri. Ni zan kira ta mu yi maganarmu ta manya.

Mai kemis kuwa, a nan ba ni da sassauci. Flagyl, da Ampiclox ɗin da ake ɗiga wa jarirai tun kafin suna wai don wanke ciki, magungunan kashe bakteriya ne, kuma ba sa tambayar wace ce 'yar gida wace ce ɓarauniya. Kamar a cinna wa gona wuta ne don a kashe ɓera. Bayan 'yan kwanaki masu kan gwafar nan sun faɗi, wuri ya zama fili, wanda ya riga zuwa ya kafa, sau da yawa kuma mai taurin kan da maganin bai iya kashewa ba ne. Ga shi yawancin zawon ƙananan yara bairas ne ke kawo shi, musamman rota, shi kuwa antibayotik ba ya taɓa shi. Ranar da likita ya duba ya ce akwai cutar da ke buƙatarsa, ki ba shi a kan lokaci har ya cika kwanakin da aka rubuta, don a ranar shi ne ceto. Roƙona dai kada a ba shi a kan zato.

In zawon gaske ya zo, ƙarewar ruwan jiki ce ke kashe yaro. Yanzu da bai kai wata biyu ba, ba a jinyar zawonsa a gida, asibiti za ki nufa kina ba shi nono a hanya. In ya ƙara girma, kada gidanki ya rabu da fakitin ORS da ƙwayar zink. A dama fakitin da adadin ruwan da aka rubuta a jikinsa, tafasasshe da ya huce. Zink kuma a ba shi adadin da likita ya faɗa kowace rana, kwana 10 zuwa 14 ko da zawon ya tsaya. Tun 2004 Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka tsayar da haɗin ORS da zink, kuma kuɗinsa bai taka kara ya karya ba. Ɗigon da nake so ki tabbatar ya shiga bakinsa shi ne na rigakafin rota, wanda Najeriya ta sa a jerin rigakafin yara a 2022, ana yinsa a sati 6 da 10 da 14.

Ko ƙarfe nawa ne, kada ki jira gari ya waye in jikinsa ya yi zafi, ko ya ƙi kama nono, ko ya yi laushi ba ya farkawa sosai, ko kin ga jini a kashi, ko amai kore, ko cikin ya kumbura ya yi tauri, ko ya wuni bai jiƙa kunzugu ba. Maɗiga in ta faɗa, ruwan jikinsa ne ya yi ƙasa. Ba a shafa mata komai, ruwa ake mayar masa. Tumbuɗi bayan sha kuwa ba abin damuwa ba ne in yana ƙara nauyi.

In Allah ya kai mu wata shida sai a buɗe masa ƙofar abinci, nono na nan bai tsaya ba, har shekara biyun da Alƙur'ani ya ambata a Suratul Baƙara, wadda likitoci ma a kanta suka tsaya. Kokon da muka gada yana da hikima, don tsamin gasara yana taka wa miyagun ƙwayoyi burki, amma ruwan zafin damu yana kashe masu ran, kada a ce miki shi ma furobayotik ne. Ki yi masa shi da kauri, da gyaɗa ko waken suya. Kindirmo cokali biyu ko uku yana da kyau in ke kika tafasa madarar kika haɗa da hannunki. Na talla ba ki san ruwan da aka sirka shi da shi ba, ɗanyar madara kuma tana iya ɗauko tarin fukan shanu. Wake, kabewa, alayyahu, ayaba, kowane sabon abinci yana gayyato nasa ma'aikatan, a haka har wajen shekara uku hanjinsa ya zauna irin na manya. Wannan za mu yi maganarsa in lokacin ya zo.

Ƙaninki zai kawo miki takardar nan gobe, tare da geron da na surfa miki da ɗan ƙullin daddawa. Kunun kanwa ki sassauta masa, likitocin Zariya sun daɗe da danganta yawan kanwa da ciwon zuciyar masu jego. Ki sa katin rigakafi da kwalbar a jaka ɗaya tun yau don kada ki manta. In kun dawo daga asibiti ki kira ni ki gaya mini nauyinsa da abin da likita ya ce. Ki gaida maigidan, ki shafa mini kan angona.

Gwaggonki.